Zulaihat da Kwamfuta ta Uku

Idan aka ce a kawo mace mai kafiya a Sharada, ni dai ba zan wahalar da kaina ba, hannun Zulaihat zan kamo. Mun yi aiki tare shekaru da dama a wani ƙaramin kamfani na Alhaji Garba, a saman bene bayan masana'antar robobi, inda ake rubuta wa masana'antu manhajar kwamfuta: ta sikelin da ke auna manyan motoci, ta kayan sito, da ta fitar da rahoto. Ni Uwani ba na rubuta komai. Aikina in ɗauki abin da suka gama a faifai, in kai Challawa ko Bompai in saka, in koya wa ma'aikata, in kuma sha zagi idan ya ƙi aiki. Saboda haka na san kowa a ofishinmu ta yawan zagin da ya jawo mini, kuma Zulaihat ce mafi sauƙi a kaina.

'Yar asalin Sharada ce, ba zuwa ta yi ba. Gonar kakanta tana ƙarƙashin wata masana'anta yanzu. In muka wuce a bas takan nuna wata katanga ta ce nan ne wajen rogonsu, ba da takaici ba, kamar mai nuna gidan ƙawarta. Mahaifinta manomin rani ne, mahaifiyarta kuma tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ƙofar masana'antu. Ita ce ta fara zuwa makarantar fasaha a gidansu, kuma kafin ta gama tana buga wa ɗalibai takardu a wani shago a bakin titi. Can ta fara buɗe cikin kwamfutar mai shagon ba da izininsa ba, don kawai ta ga abin da ke ƙara a ciki. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, tana cin gyaɗa a kan aiki tana zuba ɓawon a aljihun jaka. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne a ce mata abu ya gyaru da kansa. In ka faɗi haka a gabanta, za ta dube ka kamar ka zagi iyayenta.

Kafin ta zo, kowa a kwamfutarsa yake haɗa nasa ɓangaren. Sai ranar da zan kai wa masu saye ake tattara su wuri ɗaya, a nan ne ake gano na wane ba ya ga maciji da na wane. A shekarar dubu biyu da biyar Zulaihat ta kawo ƙarshen wannan. Ta rubuta jerin umarni ta yadda duk wanda ya gama gyara ya tura babbar kwamfutar ofis, nan take za a harhaɗa manhajar gaba ɗaya a gwada ta. In komai lafiya, allon da ke bango ya nuna kore. In da matsala ya nuna ja, ya faɗi inda ta tsaya. Wannan aikin shi muke kira haɗi. Dokar Alhaji kuwa ɗaya ce: ba na fita da faifai sai allo yana kore.

Matsalar ita ce haɗin yana daɗewa, ga wuta ba ta da alƙawari. Sau da yawa yana tsakiya za a ɗauke, kafin a tayar da janareta komai ya koma farko. Sai ta sa Alhaji ya sayo kwamfutoci uku 'yan gwanjo, ta raba musu aikin su yi a lokaci guda: ɗaya sito, ɗaya rahoto, ta uku sikeli, in sun gama a haɗe. Ta ƙara wata dabara don rage lokaci. Kowane fayil yana ɗauke da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Kwamfuta za ta duba: in rubutun da aka turo ya fi abin da ta haɗa a baya sabunta, ta sake haɗawa, in bai fi ba, ta bar tsohon yadda yake. Haɗin da ke cinye mana rabin safiya ya koma kafin ka gama shan shayi. Alhaji ya rinƙa kawo abokansa suna kallon allon, yana bayani kamar shi ya ƙirƙiro.

Mai riƙe da ɓangaren sikeli shi ne Gidiyon. Mutumin Kagoro ne, ya haura arba'in, ya yi shekaru yana tsaron injin saƙa a Bompai har masaƙar ta rufe. Maimakon ya koma gida kamar sauran, ya shiga ajin yamma ya koyi kwamfuta tare da yaran da ya haifa. Yana haya a Hotoro da matarsa Naomi da 'yarsu Salama. Na daɗe ban ga mutum mai tsoron a jira shi kamar Gidiyon ba. A masaƙa, in zare ya tsinke ba a cewa bari in dawo, kuma da wannan halin ya shigo ofis. Da allo ya yi ja a kan aikinsa, ba ya tashi, ba ya shan ruwa. Cikin 'yan mintoci ya gano kuskuren, ya gyara, ya sake turawa.

Sai allon ya sake yin ja, da ƙorafi iri ɗaya, kamar bai taɓa komai ba.

Haka abin ya fara, ba kullum ba, amma sau da yawa. Gidiyon zai zauna yana kallon rubutunsa, gumi yana tsattsafo masa. Can in Zulaihat ta gama abin da take yi sai ta zo ta karanta. Ba ta ganin kuskure. Ta ɗan rubuta layin bayani a sama, ta adana, ta tura, sai ga kore. Samarin ofis suka fara ce mata mai hannun albarka. A bayan idonsa kuma suna cewa tsoho ya tsufa, kan da ya saba da ƙarar inji ba zai ɗauki wannan aikin ba. Ni ma, gaskiya, haushi nake ji, domin wata majema a Challawa tana jiran sabon sikeli, kuma manajan wurin ya tsare ni a gaban direbobi ya wanke ni tas, ga warin fata, ga rana.

Alhaji Garba ba mugu ba ne, amma tsohon ɗan kasuwar fata ne, abin da idonsa ya gani shi ya sani. Ya ga ja a hannun Gidiyon, ya ga kore a hannun Zulaihat. Ya kira Gidiyon ya ce masa in wata ya ƙare ya nemi wani wurin. Gidiyon bai yi musu ba, ya ce ya gode. Bayan kwana biyu na haɗu da Naomi a kasuwa tana neman buhunan zuba kaya. Ta ce mini za su koma Kagoro, Salama za ta bar makarantarta a tsakiyar zango. Tana faɗa tana murmushi, irin murmushin da ya fi kuka ciwo. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na manta abin da na je saye.

Da na ba Zulaihat labari, ta daina tauna gyaɗarta.

"Yaya Uwani, ban taɓa gyara masa ko harafi ɗaya ba," in ji ta.

"To me kike yi in kin zauna a kujerarsa?"

"Karantawa nake, in sa layin bayani, in tura. Shi ke nan. Aikinsa daidai yake tun kafin in zo."

"Ai sai ki gode wa Allah, hannunki ne."

"Hannuna ba ya haɗa manhaja. Akwai abin da ke ƙarya a ofishin nan, kuma ba Baban Salama ba ne."

Daga ranar ta ajiye komai ta bi tsarin da ita kanta ta gina, kamar mai neman inda rufi ke yoyo. Da farko ta zargi wurin ajiyar wucin gadi. Ta gano kwamfutar sito da ta rahoto suna zuba tarkacen aikinsu a jakar fayiloli ɗaya, wani lokaci ɗaya ta goge na ɗaya. Kuskure ne na gaske, ta raba musu jaka, muka yi murna. Washegari Gidiyon ya tura gyara, allo ya yi ja. Sai ta zargi gaggawa, ko ana haɗe ɓangarorin kafin ta uku ta gama nata. Ta sa umarnin a jira kowa. Bai hana ba. Ta canja wayar da ke haɗa ta ukun da babbar kwamfuta, ta ɗauko ta wani ta saka. Duk a banza.

Sai ta yi abin da ya buɗe mata rabin ido. Lokacin da allo ke ja a kan gyaran Gidiyon, ba ta taɓa fayil ɗinsa ba. Ta kwashe komai ta kai kwamfuta ɗaya, ta haɗa daga tushe, ɗaya bayan ɗaya, irin na da. Ya ɗauki lokacinsa, ya fito lafiya lau. Ta tashi ta nufi ofishin Alhaji, ni kuma na bi ta, don ba a barina a baya a irin wannan.

"Alhaji, aikin Baban Salama ba shi da laifi. Na haɗa shi a kwamfuta ɗaya ya wuce. Matsalar tana cikin rabon da na yi."

Alhaji ya cire tabarau. "Zulaihat, na san ki da tausayi. Kin saba rufa masa asiri."

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To me ya lalace a rabon?"

"Ban sani ba tukuna."

"In kin sani ki zo ki nuna mini da idona. Magana ta riga ta fita, ba na mayar da ita a kan ban sani ba."

Ta fito tana takawa a hankali. Wani zai ce ta karaya, amma ni na san tafiyarta. In ta rage sauri tana kallon ƙasa, to lissafi take yi.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, da hantsi, haɗi ya gama, ta buɗe jakar da kwamfuta ta uku ke ajiye abin da ta haɗa. Ba kuskure take nema ba wannan karon, kallon fayilolin kawai take yi ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta dubi allonta, ta sake duban bango.

"Yaya Uwani, ƙarfe nawa a wayarki?"

Na faɗa mata.

"Zo ki ga fayil ɗin da aka haifa a lokacin da bai zo ba."

Na leƙa. Lokacin da ke jikin fayil ɗin yana gaban namu da kusan kwata, wato minti goma sha biyar. Ni ban ga abin tashin hankali ba, agogo ne, kowa nasa daban. Ta yi mini bayani a hankali, da muryar da take amfani da ita in tana jin daɗi. Rubutun da aka turo, babbar kwamfuta ce ke buga masa lokaci, kuma agogonta daidai yake. Abin da aka haɗa kuwa, ta uku ce ke buga masa, da agogonta mai gaggawa. Duk gyaran da ya iso kafin wannan kwatan ya cika, ta uku za ta ga kamar tsoho ne, abin da ke hannunta ya fi shi sabunta, sai ta yi watsi da shi ta miƙa tsohon mai kuskure. Wanda ya tashi ya sha shayi ya yi hira kafin ya gyara, nasa zai wuce. Ita ma da take zuwa daga baya, nata yana wucewa. Mutum ɗaya ne a ofishin nan yake gyara da saurin da zai faɗa ramin.

Na zauna a kan tebur, abin da Alhaji ya hana. Wato saurinsa ne ya kusa cin aikinsa.

Saura a san wa ke tura agogon gaba, domin ta gyara shi a ranar, washegari ya koma yadda yake. Kwamfuta ta uku ba a cikinmu take ba, tana ɗan ɗakin da ke kusa da makunnin janareta, saboda can ne aka sami soket. Mai buɗe ofis da kunna komai shi ne Malam Bala, dattijo mai kula da sito da janareta, wanda ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar mai. Zulaihat ta yi sammako ta riga shi zuwa, na zo na same su a ɗan ɗakin. Ashe ƙaramin batirin da ke riƙe wa kwamfutar lokaci ya mutu tun a gwanjo. Kullum da safe in an kunna ta sai ta tsaya tana tambayar kwanan wata da lokaci. Zulaihat ce da kanta ta koya wa Malam Bala yadda zai shigar, tun ranar da aka kawo ta, ta ce za ta sayo batir, ta manta. Shi kuwa bai taɓa fashi ba. Ya ɗaga hannun riga, ya dubi agogonsa, ya shigar da yatsa ɗaya.

"Baba, agogon nan naku daidai yake?" ta tambaye shi.

"Daidai yake da aiki," in ji shi. "Yana gaba da kwata. Duk wanda ya yi aikin kamfani haka yake sa nasa. In jiniya ta yi kana waje, an rufe ƙofa ke nan, ranar ta tafi. Ki tambayi Gidiyon, shi ma nasa haka yake." Sai ya tsaya ya dube ta. "Na ɓata wani abu ne, 'yata?"

"A'a, Baba. Kun yi abin da na ce ku yi. Ni ce ban faɗi wane lokaci ba."

Ta roƙe shi ya bar agogon kwamfutar yadda ya sa shi. Da Alhaji ya iso, ta ce masa ta shirya ya gani da idonsa. Ta zaunar da shi a kujerar Gidiyon, shi kuma Gidiyon ya koma gefe ya tsaya da hannu a baya kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ta sa aka yi haɗi ya gama. Nan take ta buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da gaisuwar da sikeli ke nunawa in an kunna shi, ta ce wa Alhaji ya rubuta duk abin da ya ga dama. Ya daɗe yana neman haruffa, har na ji tsoron kwatan zai ƙare, sannan ya rubuta sunansa. Ta nuna masa inda zai danna ya tura. Haɗi ya gama, aka buɗe manhajar sikeli. Tsohuwar gaisuwa ce, babu sunan Alhaji ko alamarsa.

"Ina abin da na rubuta?"

"Yana nan, ranka ya daɗe, ga shi. Kwamfutar ce ta ce tsoho ne."

"Yanzu fa na rubuta shi."

"Haka Baban Salama yake ta faɗa a ransa wata da watanni. Yau ku ma aikinku ya ƙi wucewa."

Wani daga cikin samarin ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Zulaihat ta je ta daidaita agogon ta uku, ta goge abin da ta haɗa a baya, aka yi haɗi. Tana gamawa ta ce wa Alhaji ya sake rubuta wani abu da sauri. Ya ƙara Sharada a bayan sunansa, ya tura. Ya fito ɓaro-ɓaro a kan allo.

Alhaji ya tambayi wanda ya taɓa agogon. Malam Bala yana bakin ƙofa, na ga ya gyara tsayuwa zai yi magana, amma ta riga shi.

"Tsarina ne, Alhaji. Na raba aiki wa kwamfutoci uku, na ce su yi hukunci da lokaci, ban tabbatar agogonsu ɗaya ba ne. Yau zan sa batir, in sa dukkansu su riƙa karɓar lokaci daga babbar. Kuma zan gyara umarnin, in akwai shakka su sake haɗawa. In akwai wanda za a tuhuma, ni ce."

Ta faɗi haka kamar mai faɗin farashin tumatir. Ta san aikinta, ta kuma san babu mai iya riƙe shi in ba ita ba, amma ko da akwai, na tabbata haka za ta faɗa. Alhaji ya sake duban sunansa a allo. Sannan ya miƙe daga kujerar, ya riƙe bayanta, ya juya ta wajen Gidiyon.

"Malam Gidiyon, zauna a wurinka. Na yi maka rashin adalci, ka yafe ni."

Gidiyon bai zauna nan da nan ba. Zulaihat yake kallo.

"Malama, wato duk gyaran da na yi a baya, daidai suke?"

"Duka, Baban Salama. Ban taɓa canja maka komai ba."

"Ni har na yarda kaina ne ya ƙi," in ji shi a hankali. "Na ce wa Naomi karatun nan ba na irina ba ne."

Ni dai na juya ina gyara fayafayan da ba sa buƙatar gyara, don idona ya cika. Gidiyon ya nemi izinin fita na ɗan lokaci, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ba shi da wayar hannu a lokacin, sai ya sauka wajen mai wayar haya da ke ƙarƙashin lema a ƙofar beninmu. Tagar tana buɗe, ina jin sa yana roƙon maƙwabciyarsu ta kira masa matarsa. Ya jira, yana riƙe da wayar da hannu biyu.

"Naomi," ya ce, "kwance kayan nan. Gobe Salama za ta makaranta."